Takarda Mai Gurbi Huɗu

"Ba zan kai ba, Gwaggo. Sai ya ji daga bakina tukuna."

Ambulan ɗin na hannunta, ta miƙo mini shi tun ɗazu, hannun ya ƙage a sama har awarwaronta ya zame zuwa gwiwar hannu. Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun da ya rasu ita ke yanke magana a gidanmu, duk da cewa ba a gidan take kwana ba. Umarninta na wannan safiyar Asabar guda ne: in ɗauki takardar gwajin aure da ke cikin ambulan, in kai wa dangin mutumin da zan aura nan da mako biyar, in kuma ja bakina in yi shiru a kan abin da takardar ba ta faɗa ba.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne ina ɗauke da cutar hapis. Ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a al'aura, su fashe, su yi raɗaɗi kamar an goga barkono, su warke cikin mako guda ko kwana goma. Daga nan ƙwayar ta koma ta kwanta a jijiya har ranar da ta ga dama. Ba ta kisa, ba ta kuma barin jiki. Ta kwanciyar aure ake ɗaukarta, wani lokaci ma babu ƙurji ko ɗaya a fili. Shekara uku ke nan muna tare da ita.

Gwaggo ta ajiye ambulan a kan gadon Mama, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta iya ƙirga huɗu. Gurbi huɗu ne a takardar, duka huɗun lafiya lau, ga hatimi, ga sa hannu. Asibiti ba su tambaye ni ba, dangin miji ba su tambaye ni ba, shi kansa mijin bai tambaya ba, to wa ya aike ni? Mama na zaune a bakin gado tana ninke zanin da ta riga ta ninke sau biyu.

Na fi su duka sanin takardar nan, domin irinta nake cikawa kullum. A ɗakin gwajin jini na wani asibitin kuɗi nake aiki. Masu shirin aure kan zo su zauna a dogon bencin da ke bakin ƙofarmu, namiji a wannan ƙarshen, mace a wancan, tsakaninsu wata inna mai jaka a cinya. In ɗaura musu igiyar roba a damtse, in nemi jijiya, in cika kwalba biyu. Bayan awa ɗaya in rubuta: ƙanjamau, ciwon hanta, sikila, ciki. In buga hatimi. Sai ka ga inna ta karɓi takarda da hannu biyu, ta sa ta cikin leda kar ta jiƙe, sai ka ce takardar shiga aljanna aka ba ta. A shekara biyar da na yi a kujerar nan, ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya tambaye ni abin da ba mu duba ba. Hatimin suke so, shi suke biya, shi kuma muke ba su.

Mijina na farko ma takardarsa fes ta fito. Mai Turare nake ce masa, don kafin ya shigo gida ƙamshinsa ya riga shi da minti guda. Mako uku da tarewata na kwanta da zazzaɓi, kaluluwa ta fito mini a matsematsi, ƙuraje suka feso har na kasa fitsari sai na zauna a baho na ruwan ɗumi ina cizon tawul. Ya tsaya daga bakin ƙofar banɗaki, da hankici a hannu, ya ce sanyi ne irin na mata, in nemi maganin gargajiya. Ni na kai kaina wurin wata likitar mata, tsohuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda ba ta iya kwana-kwana ba. Ta duba, ta ɗauki ruwan ƙurjin aka gwada, ta faɗa mini sunan abin. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta ce in sha, in huta, ba mutuwa zan yi ba, kuma in daina kallonta kamar ta yanke mini hukunci.

Bayan wata biyu ina neman abin yanke farce a jakar askinsa, na ci karo da katin irin ƙwayoyin nan nawa, har uku, duk an shanye. Kwanan watan da ke jikinsu ya girmi aurenmu. Da na ajiye su a gabansa ko gezau bai yi ba. Ya ce ni ke wasa da jinin marasa lafiya daga safe zuwa yamma, ni na kwaso daga asibiti na kawo masa gida. Haka ya gaya wa mahaifiyarsa, haka ta gaya wa kowa, sai dai ta ce "cutar asibiti" don ba ta san sunan ba. Na zauna wata goma sha huɗu, ba don haƙuri ba, don Mama ta roƙe ni. Sannan na nemi takardar sakina, ya ba ni da sauri har da kuskuren rubuta sunan mahaifina.

Na dawo ɗakina na 'yanmatanci na koyi zama da abata. Tana da ladabi iri ɗaya: ba ta zuwa ba sallama. Kwana ɗaya kafin ta fito nakan ji tsikari a bayan cinyar hagu, kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata. Da na ji sai in fara shan ƙwaya. Shekarar farko sau shida ta zo, ta biyu sau huɗu, bana kuwa sau biyu kafin wannan magana. Al'ada na tayar da ita, rashin barci ma haka, zazzaɓi, sai kuma ɓacin rai wanda ya fi su duka. Na koyi sa kamfai na auduga da kaya masu walawa, na koyi ruwan ɗumi da ɗan gishiri, na koyi yin aikin awa takwas a tsaye ranar da zama ya gagara. Ina yi wa mai tsoron allura wasa yayin da ƙasana ke ci da wuta, ba wanda ya taɓa gani a fuskata. Ban taɓa fashin aiki saboda ita ba, ko kwana ɗaya, kuma ina alfahari da wannan fiye da digirina.

Mama ta saya mini koren bokiti, da buta tawa ni kaɗai, da sabulu na daban. In na fito daga banɗaki sai ta shiga da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Na yi mata bayani ya fi sau goma cewa ƙwayar ba ta zama a bokiti, ba ta zama a kan masai, ba a ɗaukarta a kofi ko a gaisawa. Kullum sai ta ce ta sani, ai ta sani, sannan ta ɗauki bilic ɗinta. Na bar ta. Uwa ce, kuma ita kaɗai ta dafa mini ruwan ɗumi a duk faɗin dangin nan.

Mutumin da zan aura kuwa, a wurin aiki muka haɗu. Shi ya zo ya haɗa mana sola saboda firij ɗin da muke ajiye kayan gwaji. A gidanmu Injiniya suke ce masa, ni Mai Sola nake kiransa. Ƙato ne da ke hawa rufin bene ba igiya, amma ranar da na ɗebi jininsa don duba zazzaɓin cizon sauro sai da ya runtse ido yana ambaton sunan mahaifiyarsa. Daga ranar ya sa mini suna Sauro. Yakan leƙo ta tagar ɗakin gwaji ya ce, yau Sauro ta sha na mutum nawa? Yana da dariya mai daɗi, ba ya sa turare, kuma in ina magana yakan ajiye waya. Na so shi. Ba zan ɓoye wannan don in ji daɗin raina shi ba.

Ba zan kuma ɓoye laifina ba. Wata takwas muna tare ban faɗa masa ba. Duk mako nakan ce mako mai zuwa. In yana nan nakan koma mace kawai, ba mai koren bokiti ba, kuma na yi kwaɗayin wannan har aka sa rana. Da na ga takardata ta fito daga wani ɗakin gwajin, gurbi huɗu tas kamar ta Mai Turare, sai na ji kunyar kaina.

Gwaggo ba ta gama ba a safiyar nan. Da ta ga ban ɗauki ambulan ba, sai ta sassauta murya. Ta ce akwai wata mata a bayan kasuwa da ke haɗa magani a jarka, kankat ne, an gwada an gani, in sha kafin biki shi ke nan ba ƙarya na yi ba. Na ce mata da jarka na maganinta da tuni matar ta sayi jirgin sama. Sai ta matso, ta dafa gwiwata, ta kawo shawarar da ta fi ji da ita. Ta ce in ma abin ya fito masa bayan aure, sai in riga shi kuka, in ce shi ya kawo mini. Babu namijin da ya kai shekara talatin da biyar da zai iya rantsuwa a kan bayansa, zai yi shiru.

"Abin da Mai Turare ya yi mini ke nan, Gwaggo."

"To ya mutu? Ba ga shi can da matarsa da 'ya'ya biyu ba? Ke da kika iya gaskiya, ina naki?"

Gwaggo ta yafa mayafinta ta ce ta faɗi nata. In na je na tona wa kaina asiri auren ya lalace, kar in ƙara taka ƙofar gidanta, kar kuma in gaishe ta in mun haɗu a hanya, ba ta haɗa jini da wawaye ba.

Da zan ce maganarta ba ta shige ni ba, da na yi ƙarya. Na wuni ranar Lahadi ina auna maganar da ilimina, wanda ya fi wayon Gwaggo haɗari. In ina shan ƙwaya kullum, in kuma na kauce masa duk ranar da na ji tsikarin nan, yiwuwar ya ɗauka ta ragu sosai. Akwai ma'auratan da suka shekara goma ɗaya bai shafa wa ɗaya ba. Mutane da yawa na ɗauke da ita ba su ma sani ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma raguwa ba ƙarewa ba ce, kuma akwai ranakun da ƙwayar ke fitowa kan fata ba tsikari ba ƙurji, ni kaina ba zan sani ba. Kwaroron roba na taimakawa, amma da wane dalili amarya za ta miƙa wa ango shi, ga shi muna son haihuwa? Da wane dalili zan riƙa juya masa baya mako guda cur? Sai in ce ciwon kai, wata mai zuwa in ce ciwon mara, in ɓoye katin ƙwaya a jakar kwalliya. Na hango kaina tsaye a bakin ƙofar banɗaki, yana ciki yana cizon tawul, ina ce masa ƙila zafin gari ne. Abin da zai rage kawai in sayi turare.

Ranar Litinin da hantsi, ina tsaka da ɗibar jinin wata mai ciki, kiyashin ya fara tafiya a bayan cinyata. Ban yi mamaki ba, Gwaggo ta yi aikinta. Ranar Laraba, da Mai Sola ya zo duba baturan asibiti kamar yadda yake yi duk wata, ƙuraje uku sun fito sun fashe.

Na same shi a ɗan sitonmu na baya, inda aka jera batura a kan katako kusa da kwalayen safar hannu. Yana tsugune da na'urar awonsa. Bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, har yanzu akwai ɓawon ƙurji a gefen leɓensa na ƙasa, irin wanda ke fito wa mutane bayan zazzaɓi. Na kawo masa ruwa a kofina kamar kullum. Ya sha rabi, ya ce Sauro yau ko cizo babu? Na janyo ƙofa, na tsaya a tsaye don ba zan iya zama ba, na faɗa masa duka. Sunan cutar, wanda ya ba ni, sau nawa take zuwa, yadda ake ɗauka, yadda ake kiyayewa, abin da likita ke yi in mace na da ciki don kar ta taɓa jariri. Na tsara maganar tun da asuba, ban yi in'ina ba, ban yi kuka ba.

Ya ajiye kofin a kan batir a hankali. Sai ya sa bayan hannu ya goge bakinsa. Ina jin bai san ya yi ba.

Ya tambaya ko irin ƙanjamau ce, na ce a'a, ko kusa. Ya tambaya ko ana warkewa, na ce a'a. Ya ce to ai takardata ta fito lafiya, Gwaggo da kanta ta kira yayarsa ta yi mata albishir. Na ce takardar ba ta duba wannan, tasa ma ba ta duba ba. Ya daɗe yana kallon allon na'urarsa, lambobi na hawa suna sauka.

"Mutum nawa ne?" ya ce, bai dube ni ba.

"Ɗaya. Da aure, da shaidu, da takarda irin wadda ke aljihunka."

Na ce masa ban nemi amsa yau ba. Na karɓar mana lokaci wurin likitata ranar Juma'a ƙarfe huɗu, ya zo ya tambaye ta duk abin da yake so, in ya ga dama ma in jira a waje. Ya ce zai zo, in sha Allahu. Ya tattara kayansa da saurin da ban san shi da shi ba, har ya manta sukudirebansa mai jan mariƙi a ƙasa.

Ranar Juma'a na isa tun uku da rabi. Na zauna a benci a karkace, a kan cinyar dama. Mata suka shiga suka fita. Ƙarfe shida mai shara ta ce in ɗaga ƙafa. Likita ta fito da jakarta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in ci gaba da shan ƙwayata, in yi barci, ba shi ne na farko da ya bar bencin nan wayam ba. Daga baya na ji inda ya kai tambayarsa. Mutumin da ya karanta harkar lantarki shekara biyar, wanda ba ya barin kowa ya taɓa masa waya sai mai takarda, da aka zo maganar jikinsa sai ya buɗe wayar salula ya kalli hotunan da suka fi kowanne muni, sannan ya tafi wurin yayarsa mai sayar da zannuwan gado.

Kwana tara bai kira ba. Ƙurajen suka bushe, ɓawon ya faɗi, fata ta koma kamar ba a yi ba. A rana ta goma da la'asar ya zo gidanmu. Bai shigo ba, ya tsaya a jikin motarsa, tsanin aikinsa a ɗaure a sama. Na fita da sukudireban a hannu. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya yi ta kewaye-kewaye: shi bai zarge ni ba, ya san ƙaddara ce, ya san ni mutuniyar kirki ce, amma mahaifiyarsa na da hawan jini, shi ne babban ɗa namiji. Na bar shi ya yi ta zuba. Can sai ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Da kin yi shiru, Sauro. Wallahi da kin yi shiru da yanzu ana ta shirin biki. In ma abin ya same ni daga baya, sai in ce daga Allah ne, in rungumi ƙaddara. Amma yanzu na sani. Ta yaya zan shiga ina sane?"

Ashe Gwaggo ta fi ni saninsa, ita da ta gan shi sau biyu. Ba cutar yake gudu ba, da ya ɗauke ta ya zauna lafiya in dai an ruɗe shi. Abin da ya gagare shi shi ne a ajiye magana a gabansa a ce ya zaɓa da kansa, kamar babba. Na ba shi abin da Mai Turare ya hana ni, abin da na yi shekara uku ina cewa da an ba ni, shi kuma ya zo ƙofar gidanmu yana yi mini ƙorafi a kan na ba shi.

"Wannan na leɓenka," na ce, "sau nawa yake fito maka a shekara?"

Ya kai yatsa ya taɓa wurin. Ya ce ai wannan na zazzaɓi ne, kowa na yi.

"Kowa na yi. Dangi ɗaya ne da nawa, shi ma ba ya barin jiki, shi ma ana shafa wa wani. Naka ya zauna a fuska, ana ce maka sannu. Nawa ya zauna inda ba a faɗa. Wata takwas kana shan ruwa a kofina, ban taɓa goge baki a gabanka ba."

Na miƙa masa sukudirebansa. Ya karɓa ta ƙarshen ƙarfen, don kar yatsunmu su haɗu.

Sauran aikin kuwa, yayarsa ce ta ƙarasa. Auren da aka sa wa rana ba ya fasuwa ba dalili, kuma ba za ta bari a ce ƙanenta ne mai laifi ba. Ta faɗa wa mata uku cikin sirri, kowace ta faɗa wa nata ukun. Kafin labarin ya dawo kunnena, cutar ta canja suna sau biyu, har an ce ina zubar da gashi. Mako uku bayan haka wata mata ta zauna a kujerata, na ɗaura mata igiyar roba, ta dubi fuskata da kyau, sai ta janye hannu ta ce a kira mata wani. Ina sanye da safar hannu. Da ma ba ta hannu ake ɗauka ba.

Mai asibitin ya kira ni ofishinsa. Likita ne, ya san gaskiyar abin sarai, ya ma fara da cewa ya sani. Ya ce ba don shi ba, don masu zuwa ne, mutane ba su da ilimi, in koma ɗakin ciki wurin na'urori zuwa lokacin da ƙura za ta lafa. Na ce to tunda mutane ba su da ilimi, mu ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar gwajin aure, mu rubuta cewa akwai cututtukan da gwajin nan bai duba ba, ma'aurata su tambayi juna. Ya yi dariya. Ya ce an riga an buga takardu dubu biyu, kuma ba wanda ke zuwa nan don a ƙara masa damuwa. Har yau ni ke cika guraben nan huɗu daga ciki, ni ke buga hatimi, wata ce ke miƙawa ta taga.

Wani kamfani ne ke duba mana batura yanzu. Na ji Mai Sola ya yi aure wata bakwai bayan nan, an ce takardar amarya ta fito tas. Ban san abin da take ɗauke da shi ba, shi ma bai sani ba, kuma na tabbata yana barci da kyau.

Gwaggo ta cika alkawari. Mun haɗu a asibiti wurin duba wata 'yar uwa, na durƙusa na gaishe ta, ta juya tana tambayar wata ƙarfe nawa. Mama ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Ambulan ɗin na nan a ƙasan akwatinta, ban san me take jira da shi ba. Rannan tana miƙo mini ruwan ɗumi ta ce, taurin kan nan na babanki ne, sannan ta ɗauki bilic.

Abar ta zo sau biyu tun daga lokacin, gajeru, kwana biyar-biyar. Likita ta ce haka za ta yi ta ja da baya da shekaru. Ba ita ce ta fi ci mini rai ba, da ma ba ita ba ce. Magana ta minti goma a ɗakin batura ta cinye mini mutumin da nake so, da kujerar da na yi shekara biyar a kanta, da gaisuwar yayar mahaifina, da sirrin da a dā mutum huɗu kaɗai suka sani. Bana na cika talatin a ɗakina na 'yanmatanci, ina wanka da koren bokiti. Ina son haihuwa, kuma duk namijin da zai iya tambayar aurena a unguwar nan ya riga ya ji labarina daga bakin mai zannuwan gado.